Jawabi A Kan Baƙi Da Mai Ikon Binciken Takardunsu



Kun tuna yadda aka raba aiki a zamaninku, watau 'yan sanda na Gwamnati, 'yan doka na En'e. To, irin wannan rabo shi ya jawo gardama a ƙasar Amurka, a kan baƙin da ke zaune can ba da izni ba.

A can, ikon karɓar baƙo ko fid da shi yana hannun Gwamnatin Tarayya. Amma mai gamuwa da baƙon kullum, a kasuwa ko bisa hanya, ɗan sandan gari ne. Saboda haka cikin 1996 aka yi doka, aka yarda Tarayya ta ƙulla alkawari da jiha ko gari, ta koya wa 'yan sandansu aikin, su yi shi ƙarƙashin kulawarta. Shiga alkawarin kuwa ba tilas ba ne.

Cikin 2010 jihar Arizona, wadda ke iyaka da Meziko, ta kafa tata doka mai tsanani. Da magana ta kai Kotun Ƙoli cikin 2012, alƙalai suka duba sassa 4, suka soke 3, don sun shiga gonar Tarayya. Suka bar guda, watau in ɗan sanda ya tsai da mutum bisa wani dalili na shari'a, ya kuwa yi zaton ba shi da izni, sai ya bincika. Jihar Kalifoniya ita ma ta yi doka cikin 2017, amma tata rage hannun 'yan sandanta ta yi daga wannan aiki.

Masu son tsanani suka ce dokar da ba mai tsare ta ba doka ba ce. Waɗancan kuwa suka ce in baƙo ya san ɗan sanda zai tambayi takardarsa, ko an yi masa sata ba shi kai ƙara, ko ya ga kisan kai ba shi ba da shaida. Ɓarawo fa shi ke cin riba, ɗan gari kuma ya sha wahalar.

Wannan magana ba baƙuwa ba ce gare ku. Mai unguwar da baƙi ke gudu, labarin unguwarsa ba shi isa kunnensa. Don haka duk hukumar da za ta ɗora wa ma'aikacin gari aikin Gwamnati, ta fara auna abin da za ta samu da amanar da za ta rasa, ta kuma rubuta iyakar ikonsa sarai.

Allah shi ba mu ikon riƙon amana, amin.