Jawabin Taron Shekara: Tsaron Boyekai Daga Unguwa Yake Farawa

Iyayenmu sarakuna, malamanmu, jami'an tsaro, 'yan'uwa maza da mata.

Harin Tabanni ta ƙasar Rabah a 2018, da na kasuwar Goronyo a watan Oktoban 2021, sun tabbatar mana da maganar magabata: sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗan bindiga ba ya sanin gidan mai shanu sai wani na gida ya nuna masa.

Saboda haka muna roƙon 'yan sanda, da askarawan da gwamnatin Sakkwato ta ƙaddamar a 2024, su fifita abubuwa uku: sintiri a hanyoyinmu ranakun kasuwa, tsare manoma lokacin shuka da girbi, da rufa asirin duk wanda ya kai rahoto, domin tsoron tonuwa ne ke rufe bakin jama'a.

Mu kuma namu nauyin shi ne kowane mai unguwa ya san baƙon da ya kwana a unguwarsa. Wanda ake zargi a miƙa shi ga hukuma, kada a hukunta mutum saboda ƙabilarsa, don jinin marar laifi ramuwa yake haifarwa.

Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, amin.