Ƙashi Na Haɗewa, Zuciya Fa?

Jawabin da aka yi wa masu ziyarar marasa lafiya na ikilisiyoyin Batsari da Safana

Na san wasunku sun baro gona don wannan zama, saboda haka ba zan ja ku da nisa ba.

Babu ƙauyen da ba shi da mai karaya. Wani babur ne ya kayar da shi, wani ya faɗo daga bishiya, wani kuma garin gudun ceton rai ya faɗa rami cikin dare, a shekarun da 'yan bindiga suka matsa wa yankinmu. Mukan kai shi wurin mai ɗori ko asibiti, mu yi ta zuwa gaisuwa a makon farko, sai ƙafa ta ɗauke. To amma ƙashin babban mutum yakan ɗauki mako 6 zuwa 12 kafin ya haɗe, na cinya kuwa har wata 3 zuwa 6. Duk tsawon wannan lokaci mutum yana kwance shi kaɗai da tunani.

Akwai wani magidanci da na yi ta ziyarta a wani ƙauye na Safana. Ƙashin ƙaurinsa ya karye ana gab da shuka. Ciwon ya lafa, amma ya daina cin abinci, ba ya barci, kullum faɗa da uwargidansa. Da na zauna da shi sai ya ce, "Malam, ni dai na san ƙafar nan ta mutu, ana ɓoye mini ne." Kun ga, abin da ke cinsa shi ne bai ga abin da ke faruwa cikin ƙafar ba.

Na koma da wani ɗan gajeren bidiyo a wayata, na zane ne, mai nuna yadda ƙashi ke warkewa. Da farko jini ya taru ya daskare a wurin karayar. Cikin mako 2 zuwa 3 wani abu mai taushi kamar guringuntsi ya haɗa bakunan biyu, daga baya ya taurare ya zama ƙashi, jiki kuma ya ci gaba da gyara shi wata da watanni. Da Turanci ake bayani, sai na kashe muryar ina fassara masa da Hausa. Sau uku ya ce in maimaita. Sannan ya ƙirga makonninsa da yatsu, ya ce ashe shi yana wurin guringuntsin ne. A ranar ya ci tuwo.

Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Iyayenmu suna tuna majigi, da ake kawowa dandali ana koya wa mutane tsabta da noma. Yanzu majigin ya shigo aljihu.

Sai dai bari in faɗi kuskurena, don kada ku maimaita. Na bar wa wani saurayi bidiyoyi a wayarsa na tafi. A ciki akwai wanda ake nuna mutum yana taka ƙafa da sanda. Shi kuwa bai jira izinin likita ba, ya tashi ya taka, ɗorin ya goce, aka koma baya. Tun daga nan ba na barin bidiyo in tafi. Ina kallonsa ni kaɗai tukuna, in nuna wa ma'aikacin lafiya ya amince, sannan mu kalla tare da majinyaci da mai jinyarsa. Wanda ake nuna fiɗa da jini kuwa, ku bar shi, tsoro kawai yake ƙarawa. Minti 3 zuwa 5 ya isa. Bayan an gama ku yi shiru, ku bar shi ya yi magana, domin a nan ne zai faɗi abin da ke damunsa: kuɗin makarantar yara, gonar da ba a nome ba, ko mafarkin haɗarin da ke tashinsa cikin dare.

Ku riƙa ajiye bidiyon a memori. Ba mu manta da 2021 ba, lokacin da aka rufe layukan waya a Batsari da Safana na wasu watanni.

Akwai abin da bidiyo ba ya yi. In yatsu suka kumbura, suka yi sanyi ko baƙi, ko ya daina jinsu, ɗaurin ya matse ke nan, ku kai shi asibiti a ranar, kada a kwana. Ta haka mutane da yawa suka rasa hannu ko ƙafa. Haka ma in ƙashi ya huda fata, ko wurin yana wari da zazzaɓi. In aka tura ku Katsina, ko asibitin ƙashi na Dala a Kano, ikilisiya ta haɗa kuɗin mota. Wanda kuma ya fara cewa gara ya mutu, kada ku tsawata masa, kada kuma ku bar shi shi kaɗai. Ku sanar da fasto da ma'aikacin lafiya.

Kafin mu tashi, kowace ikilisiya ta ba ni sunan mutum biyu, mace da namiji, domin mata sun fi sakewa da 'yar'uwarsu. Mai waya ya matso in tura masa bidiyon ƙashin, sauran kuma mu kalle shi tare yanzu.