Jawabin Yaye Ɗaliban Binciken Ƙwaƙwalwa da Na'urar MRI



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Ya ku ɗalibai, barkanku da kammala karatu.

Ilimin da kuka samu yana da magabata. A 1973 Paul Lauterbur ya nuna yadda ake fitar da hoto da maganaɗisu da igiyar rediyo, Peter Mansfield ya samo hanyar hanzarta aikin, suka karɓi kyautar Nobel tare a 2003. A 1990 Seiji Ogawa ya gano cewa yawan iskar oksijin da ke cikin jini yana sauya hoton. Daga nan aka fara ganin sashen ƙwaƙwalwar da ke aiki yayin da mutum yake magana ko motsa yatsa, ba fiɗa, ba zubar jini.

Ƙarfin maganaɗisun na'urorin asibiti yawanci tesla 1.5 ne ko 3. A cibiyar NeuroSpin da ke kusa da Paris a Faransa kuwa, na'urar Iseult ta kai tesla 11.7, maganaɗisunta na da nauyin tan 132. A 2024 aka fitar da hotunanta na farko na ƙwaƙwalwar ɗan Adam, tana ɗaukar kowane cikin kimanin minti 4.

Amma ku dubi birnin Blantyre a Malawi. Da na'ura mai tesla 0.35 kacal masu bincike suka duba yara 168 da zazzaɓin cizon sauro ya taɓa musu ƙwaƙwalwa. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna cewa 21 daga cikin 25 da suka rasu ƙwaƙwalwarsu ta kumbura matuƙa. Tambaya mai kyau ce ta haifar da wannan amsa, kuma a gefen gadon marasa lafiya aka samo ta.

Irin waɗannan tambayoyi suna jiranku a asibitocinmu: yaro mai sikila da ɓarin jikinsa ya shanye, budurwa mai farfaɗiya da aka cire daga makaranta, dattijon da ya manta sunayen 'ya'yansa. Ku riƙe amanar duk wanda ya kwanta cikin na'urar. Ku nemi yardarsa, ku tabbatar babu ƙarfe a jikinsa, ku rufa masa asiri, ku rubuta abin da kuka gani ba ƙari ba ragi.

Allah Ya yi muku jagora, Ya sa al'umma ta amfana da ku.