Shawara Ga 'Ya'yanmu Masu Neman Digirin Digirgir a Fannin Binciken Cututtuka



Jawabina na bana na 'ya'yanmu ne da suka karanci kimiyyar lafiya, suke kuma sha'awar digirin digirgir. A shekarar 1996 annobar sanƙarau ta kashe mutum sama da 11,000 a Nijeriya, akasarinsu a Arewa. Allurar MenAfriVac, wadda aka fara yi a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, ita ta karya lagon nau'in da ya fi addabarmu. Masu bincike ne suka samar da ita, kuma irinsu muke fata daga cikinku.

Da farko, wannan digiri ba a samunsa da haddar darasi, bincike ne na shekara 3 zuwa 5. Saboda haka ku zaɓi matsala guda takamaimai, kamar dalilin da ke sa ƙwayar zazzaɓin cizon sauro bijire wa magani, ko ciwon amosanin jini.

Na biyu, ku nemi malamin da zai duba aikinku kafin ku cike fom, domin a Ingila da Jamus galibi amincewarsa ita ce mabuɗi. Ku karanta maƙalunsa, sannan ku rubuta masa gajeriyar wasiƙa mai bayyana aikin da hannunku ya taɓa yi a ɗakin gwaje-gwaje. Wasiƙa ɗaya da aka raba wa malamai 50 kwandon shara take ƙarewa.

Na uku, tun ran gini tun ran zane. Ku nemi takardar cikakken sakamakonku shekara guda kafin lokaci, saboda jinkirin ofisoshi. Masu rubuta muku shaida kuwa su zama malaman da suka ga aikinku da idonsu, ba masu sarauta ko muƙami ba.

Na huɗu, kada ku karɓi gurbi sai kun san wanda zai biya kuɗin sinadarai da na abincinku. Ku nemi tallafin Commonwealth ko DAAD ta Jamus, kuma kada ku raina na kusa: akwai cibiyar WACCBIP a Jami'ar Ghana da ACEGID a garin Ede.

Iyaye kuma mu yi haƙuri da su, musamman 'ya'ya mata, kada mu tsinke musu karatu ana tsaka da shi.