Kiran Motoci Masu Aibin Birki: Jawabi ga Hakimai da Malamansu

 Maganar yau ta shafi birkin mota ne, da wani tsari na ƙasashen da ke ƙera motoci wanda ya kamata kowane shugaba ya fahimce shi, gama rayukan talakawansa suna cikin motocin nan kullum, ko ran kasuwa, ko ran biki, ko sa'ad da za a kai mara lafiya asibiti.

Lalacewar birki iri biyu ce. Akwai ta tsufa, watau wadda yawan aiki ke kawowa, kamar cinyewar takalmin birki ko tsagewar tiyo. Wannan kuwa nauyin mai mota ne, shi zai biya bakanike. Akwai kuma aibi na asali, wanda mota ta fito da shi tun daga masana'anta. Irin wannan ba ya tsayawa ga mota ɗaya, domin duk waɗanda aka ƙera da kaya iri ɗaya suna ɗauke da shi. Idan kamfani ya gano haka, sai ya yi shela ya kira motocin su komo wurin wakilansa a duba su, a gyara kyauta. Wannan shi ake nufi da kiran mota.

A Amurka doka ce ta tilasta wannan. A shekarar 1966 Shugaba Lyndon Johnson ya sa hannu a kan dokar lafiyar motoci, a 1970 kuma aka kafa hukumar da ke lura da ita, wadda ake kira NHTSA. Bisa ga dokar, kamfanin da ya tabbatar da aibi mai haɗari lalle ne ya sanar da hukumar cikin kwana 5 na aiki, kāna ya aika wa masu motocin wasiƙa cikin kwana 60. Gyaran kyauta ne ga motar da ba ta wuce shekara 15 ba daga ranar da aka fara sayar da ita.

Misali biyu za su bayyana yadda abin yake. Ran 9 ga Fabrairu, 2010, shugaban kamfanin Toyota na lokacin, Akio Toyoda, ya sanar da kiran motoci kimanin 437,000 a duniya, yawancinsu samfurin Prius. Direbobi sun yi ta ƙara cewa in suka taka birki a kan rami ko wuri mai santsi, sai su ji kamar ya saki na ɗan lokaci kafin ya sake kamawa. Da aka bincika, sai aka tarar ƙarfe bai karye ba, mai bai zuba ba. Kuskuren yana cikin umurnin da aka rubuta wa ƙaramar kwamfutar da ke sarrafa birkin. Maganinsa shi ne wakilin kamfani ya haɗa na'urarsa da motar ya sabunta umurnin. Bakanike ko ya kai ina wajen gwaninta, ba zai ga irin wannan aibi da ido ba.

Misali na biyu ya fi wannan ban tsoro. A watan Satumba na 2023 kamfanonin Hyundai da Kia, na ƙasar Koriya ta Kudu, sun kira motoci fiye da miliyan 3 da dubu 300 a Amurka. A cikinsu akwai Hyundai Elantra na 2011 zuwa 2015, da Kia Optima, da Kia Sorento. Aibin yana cikin na'urar da ake kira ABS, wadda ke hana taya ƙamewa in an taka birki da ƙarfi. Man birki yana iya tsiyaya a cikinta ya haɗa wayoyin lantarki, wuta ta tashi, ko motar tana tafiya ko tana ajiye a kashe. Saboda haka aka gargaɗi masu su da su riƙa ajiye su a fili, nesa da gine-gine, har a canza musu fis. Mai hankali ya auna abin da zai faru in irin wannan mota ta kwana a ƙofar gida kusa da rumbu ko danga.

To, ina ruwan gunduma da abin da ya faru a Amurka? Ruwanta shi ne, da yawa daga cikin motocin da ake kira 'yan Kwatano ko tokumbo, daga can aka yi amfani da su kafin su iso ta tashar jirgin ruwa ta Ikko ko ta Kwatano. Kamfani yana aika wasiƙar kira ne zuwa ga sunan da ke cikin rajistar can. Da zarar mota ta hau jirgi, wasiƙar ta rasa inda za ta same ta. Bugu da ƙari, dokar tarayyar Amurka ta hana wakili sayar da sabuwar motar da ke ƙarƙashin kira sai an gyara, amma ba ta hana sayar da tsohuwa ba. Ta haka mota kan iso da aibinta, mai ita na murna, bai san abin da ya saya ba.

Duk da haka akwai hanyar ganewa. Tun daga 1981 kowace mota da aka ƙera domin kasuwar Amurka tana da lambar jiki mai baƙaƙe da alƙaluma 17. Ana samunta a gindin gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kuma jikin ginshiƙin ƙofarsa. Tun 2014 hukumar NHTSA ta buɗe wuri a intanet inda ake shigar da lambar nan kyauta, sai ya nuna ko akwai kiran da ba a gyara ba. Malamai su lura ƙwarai wajen kwafe ta: ba a sa baƙaƙen I da O da Q a cikinta, don haka abin da ya yi kama da O sifiri ne, abin da ya yi kama da I kuwa 1 ne. Kuskuren baƙi guda ya isa ya ɓata binciken.

Wanda zai yi odar mota daga waje, ya fi masa sauƙi ya nemi lambar tun kafin ya biya kuɗi, ya roƙi wanda ke saya masa ya kai ta wurin wakili a gyara kafin a ɗora ta a jirgi, gama ikon dokar can ba ya ƙetare teku. Wanda kuwa motarsa ta riga ta iso, ya tuntuɓi wakilin kamfanin na ƙasar nan da lambar a rubuce, ya nemi a amsa masa a rubuce ko za su yi aikin, da kuma abin da zai ci.

Ran da za a kai mota dubawa, mai ita ya tafi da takardunta. Wakili zai gwada lambar da jerin da kamfani ya ba shi, ya yi aikin yadda aka tsara masa. Sau da yawa yakan nuna waɗansu gyare-gyare dabam, irin na tsufa. Mai mota ya nemi a rubuta masa su a wata takarda da kuɗinsu, kada a cakuɗa su da aikin kira, sa'an nan ya yanke shawara da kansa. In an gama, ya karɓi takardar shaida mai ɗauke da kwanan wata da lambar motar, ya adana ta, domin za ta yi masa amfani ran da zai sayar.

Kafin a sami gyara, akwai alamun da ba a wasa da su. In birki ya yi laushi har ƙafa ta kusa kai ƙasa, ko man birki yana raguwa ba a ga inda yake zuba ba, ko fitilar gargaɗi ta kama ta ƙi mutuwa, ko aka ji ƙaurin waya, to, a ajiye motar a fili, kada a ɗauki fasinja ko ɗaya. A kuma ja kunnen direbobin da ke zuba ruwan sabulu a madadin man birki. Ruwa yana tafasa in birki ya yi zafi a gangara, tururi kuwa ba ya tsayar da mota.

Abin da ake roƙon hakimai shi ne su tara shugabannin direbobi na tashoshinsu da dillalan motoci, a karanta musu wannan bayani, dagatai da masu unguwa kuma su kai shi ƙauyuka. Malamin gunduma ya buɗe shafi a littafinsa ya rubuta lambar kowace motar haya, da motocin ofis, da motar ɗaukar marasa lafiya, da ranar da aka bincika, da abin da aka samu. Inda direba ya ƙi ji, ya ci gaba da lodi da birki mara kyau, a sanar da jami'an duba motoci ko Hukumar Kiyaye Haɗura ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, maganar shugaba kuwa tana isa inda wasiƙar kamfani ba ta isa.

Allah ya kiyaye matafiya, ya ƙara wa sarakuna lafiya da adalci. Amin.