Jawabin malamin lakol a taron ƙungiya na bayan kaka: masaukin yaranmu ƴan kolej



Mai girma maigari, malam liman, shugaban ƙungiya da ƴan biro, iyayena maza da mata, ƴan'uwana samari, ina gaishe ku, ina yi muku barka da kaka. Ina kuma gaida ƴan garinmu mazauna Yamai da Maraɗi da Damagaram, waɗanda wagga magana za ta iske su cikin takardar ƙungiya. Su karanta da kyau, don akwai rabonsu a ciki.

Shugaba ya ce in yi bayani bisa ƙungiyoyin da ke taimakon yara su zauna lakol, domin kullum ana tare shi da tambaya: yaushe mu ma za a kawo mana porje? To zan faɗi abin da na sani game da su, sa'an nan in roƙe ku abu guda.

Da farko ina so ku san yaro ba ya barin lakol rana ɗaya. A hankali yake zarewa, kuma kowane mushe yana ganin haka cikin kayen da yake kiran suna. Lakol tana buɗewa a Oktoba, lokacin da dammunan hatsi ke gona, wake da gujiya ba su shigo gida ba. Sai uba ya ce bari a gama tukuna. Yaro ya zo cikin Nuwamba ya tarar an wuce shi, a tambaye shi ya kasa, ƴan aji su yi masa dariya. Daga nan sai fashin ranar kasuwa, yarinya ta ɗauki talla, yaro ya kama igiyar akuya. In sanyi ya shigo, ƴan biɗa sun fara ɗaure kaya, wanda ya kai shekara 13 ko 14 sai ya ga sa'o'insa sun tafi sun bar shi da allo da alli. Wanda ya tsira daga wannan kuma, bazara na jiransa, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, ya zo aji cikinsa ba ko koko. Ranar da muka ja layi bisa sunansa, ya yi wata uku da tafiya a zuciyarsa.

Inda suke zuwa kuma ba wurin wasa ba ne. Tun da aka ga zinari a Jado a 2014, ramu ke janye samari. Na kusa ma mun gani: a Nuwamban 2021 rami ya rufta a Garin Liman, ƙasar Ɗan Isa, mutum 18 aƙalla suka rasu. A Oktoban 2013 kuma an tsinci gawa 92 cikin hamada, arewa da Arlit, bisa hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta kashe su. 52 daga ciki yara ne, da yawansu daga wajen Kance suka fito. Allah ya jiƙansu. Su ɗiya mata, aure ne ke ɗauke su. Babban binciken da aka yi a ƙasarmu a 2012 ya nuna cikin mata 100, 76 an yi musu aure kafin shekara 18, 28 kuma kafin shekara 15.

Yanzu ga abin da masu taimako suke yi. Wanda kowa ya sani shi ne abincin lakol, da muke ce ma kantin. Hukumar abinci ta duniya, PAM, ta daɗe tana yinsa tare da gwamnati a wuraren da yunwa ta fi tsanani, ta kuma ba wasu ƴan mata kuɗin burs bisa sharaɗin su riƙa zuwa aji. Kowane malamin da ya yi aiki inda ake dafa kantin zai gaya muku aji ya fi cika, kuma yaro ba ya gudu gida da hantsi ya ƙi dawowa.

Akwai kuma dabarar da ake kira paserel, wato gada. Wata ƙungiyar ƙasar Norwe mai suna Stromme ce ta fara ta a Mali a 2004, daga baya ta iso Nijar ta hannun ƙungiyoyin gida. Ana tara yaran da shekarun shiga lakol suka wuce su, ko waɗanda suka fita da wuri, a karantar da su wata 9. Wata 2 na farko da harshen gida ake yi, sa'an nan a shiga Faransanci, a ƙarshe a gwada su a zuba su aji na 3 ko na 4. Ni da aka horar da ni da Faransanci tsantsa, ina shaida muku yaron da ya fara gane harafi da Hausa ya fi saurin kama Faransancin. Ba sabon abu ba ne ma a gare mu, tun 1973 aka buɗe lakol ta gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram.

Gwamnati ita ma ta yi nata. Ranar 5 ga Disamba 2017 aka sa hannu bisa dokar kare yarinya ƴar lakol da tallafa mata har ta ci gaba da karatunta. Doka ce mai kyau, sai dai takarda ba ta tuƙa tuwo.

Amma wanda na fi so ku riƙe shi ne aikin da Japanawa suka fara a jihar Tawa a 2004, mai suna Lakol Don Kowa. Ba su zo da buhun shinkafa ba. Abin da suka kawo shi ne tsari: gari ya taru ya zaɓi ƴan komitin lakol, wato COGES, da ƙuri'ar asiri, don kada a ɗora wani saboda kunya ko saboda gidansu, gari ya zauna ya faɗi abin da ke damun lakol, ya ɗauki wanda yake iyawa da ƙarfinsa, ƙarshen shekara a karanta lissafi gaban kowa. Da aka ga ya yi kyau, aka baza shi ƙasa duka. Komitin da muke da shi yau, wanda aka sake ma suna CGDES, daga can ya samo asali. Tsofaffinmu za su ce ai wannan aikin samariya ne na zamanin Seyni Kunce, lokacin da ake buga gangar gayya a gina aji. Ban musa ba.

Dalilin da ya sa na fi son wannan, kowane porje yana da ranar ƙarewa, an rubuta ta tun ranar da aka fara shi. Wani ma ba ya kai ranar. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ƙasashe da dama sun tsai da taimakonsu, a 2025 kuma Amurka ta rufe hukumarta ta USAID ɗungum. Ba zagin masu taimako nake ba, Allah ya saka musu. In sun zo mu karɓe su hannu biyu. Amma zanen aro ba ya rufe katara, kuma yaron da ke CM2 bana ba zai tsaya da girma ba har farar mota ta iso.

To ga inda ɗakinmu yake yoyo, kuma mai ɗaki ne ya san wurin. Mu malamai mukan yi shekara 6 muna jan yaro daga CI har CM2. Ya ci, an rubuta sunansa sizyem. Kolej kuwa ba ta garinmu, kuma nisanta ya fi ƙarfin a je a dawo kullum da ƙafa. Sai uba ya ɗauki yaro ya kai shi gidan wani da suka saba a kasuwa, ya ce ga amana. Mai gida ya karɓa don kunya, alhali shi ma awo yake. Wata na farko lafiya. Wata na biyu hatsin da aka kawo ya ƙare, ba a aiko da wani ba, uwar gida ta fara ɗaure fuska. In namiji ne ya koma ɗan ɗibar ruwa da yankan ciyawa, ya kwana zaure ba fitila. In mace ce abin ya fi muni: ita ce daka, ita ce wanke-wanke, ita ce reno, wani lokaci har talla da dare. Ta iso aji ta makara, a kore ta waje. Ga darasi ya canza, malami ɗaya ya zama malamai bakwai ko takwas, ba wanda ya san sunanta. Hutun Disamba ta zo gida, uwa ta ga ɗiyarta ta rame, ta ce ba za ta koma ba. Wa zai ga laifin uwar? Wanda ya daure har Yuni kuma sau da yawa makinsa ba ya kai, a sallame shi, a ce ba ya da kai. Yana da kai, jama'a, mu muka karantar da shi. Masauki ne ba ya da.

Na san uban da ke hana ɗiyarsa zuwa kolej ba ƙin karatu yake ba. Tsoro yake ji kada ta je garin mutane ba mai sa mata ido, a dawo masa da abin kunya. Wannan tsoro gaskiya ne, kuma ba a kashe shi da jawabin bako ko da hoto bisa bango. Abin da ke kashe shi, ya san hannun wa ɗiyarsa take.

Roƙona ke nan. Ƙungiya ta kama gida guda a garin kolej, mai ɗaki biyu ko uku da katanga, mu fara da ƴan mata, domin su suka fi faɗuwa. Mu zaɓi dattijuwa daga cikinmu, wadda iyaye mata suka yarda da ita, ta zauna da su, ta dafa, ta san fitarsu da shigarsu, mu riƙa ba ta ɗan abin goro duk wata. Yara maza kuma a bar su gidajen masauki tukuna, amma ƙungiya ta riƙa kai ma mai gida awonsu a kan lokaci, don kada amana ta zama kaya.

Ga lissafi. Tiya kamar kilo biyu da rabi ce, tiya 40 buhu guda. In muka ce yaro yana cin rabin kilo a yini, tiya 6 ke nan a wata, tiya 54 daga Oktoba zuwa Yuni. Yara 10 tiya 540, wato buhu 13 da rabi. In gida 200 suka ba da tiya 3 kowane, an samu 600, har da ragowa. Tiya 3 yanzu da kaka ba ta karya gida, amma in muka bari har bazara, ko ɗaya sai an yi rantsuwa. Shi ya sa nake maganar yau. A ajiye hatsin rumbu guda mai kuba biyu, ɗaya hannun ma'aji, ɗaya hannun shugabar mata, a rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a buga shi cikin wagga takarda. Kuɗin haya da na cefane da fitila mai aiki da rana, wannan rabon ƴan'uwanmu na birni ne. Ƴan biro su binciko farashi su rubuta musu. Ko wani abu daga zakkar hatsi yana iya shiga ciki don marayu da ɗiyan marasa hali, wannan malam liman ne zai faɗa, ba ni ba. Amma dai ba baƙon abu ba ne: tun kaka da kakanni in za a kai yaro karatun allo wani gari, da guzurinsa ake kai shi, kuma akan nema masa uwar ɗaki.

Wani zai ce, duka wannan wahala don me, ga masu birbe da bak suna zaune ba aiki, ga malaman kwantaragi suna jiran albashi. Gaskiya ne, ba zan yi muku alkawarin kowa zai zama likita ba. Abin da na sani, ungozomar da ke likitar karkara da malamar da ke aji daga kolej suka bi, kuma kullum kuna kukan ana turo muku baƙi, matanku na jin nauyinsu, su kuma ba su daɗewa. In muna son namu, sai mun riƙe su sun wuce sizyem, don nan ne kura take.

Abu na ƙarshe, mai sauƙi. Akwai yara ajin CM da ba su da takardar haihuwa, kuma ba a kammala takardun jarrabawa sai da ita. Sunayensu na hannun dirakta. Iyayensu su same shi cikin makon nan, a tara su a kai gaban alƙali gaba ɗaya, ya fi sauƙi da kowa ya tafi shi kaɗai.

Shugaba, ina roƙo kafin a watse a ɗaga hannu bisa maganar tiya 3. In an yarda, iyayenmu mata su keɓe su ba mu sunan dattijuwa kafin Juma'a, a kuma naɗa mutum biyu da za su bi motar kasuwa su dubo gida. Ni na ɗauki riƙon kayen lissafi, da zuwa kolej ƙarshen kowane wata in ga makin yaran in kawo ma iyayensu labari.