Amsar Wasiƙa Daga Abare: Bareyin Birnin Nara, Asiri Ne Ko Sabo?

Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin amsarta na da ɗan tsawo. Ta fito ne daga wani malamin firamare a garin Abare, cikin ƙaramar hukumar Anka ta Jihar Zamfara. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya ce gardama ce ta kaure a majalisarsu. Wai wani yaro ne ya nuna musu hoto mai motsi a wayarsa, ga bareyi birjik suna yawo a tsakiyar wani gari na ƙasar Japan, suna tsallaka titi tare da mutane, har suna sunkuyar da kai kamar masu gaisuwa. Wasu suka ce haɗin kwamfuta ne. Wasu suka ce asiri ne irin na gardawa masu wasa da kura, waɗanda kan ci kasuwannin Anka da Gummi da Bukkuyum. Shi ne yake so a raba musu gardama, a kuma gaya musu yadda zaman mutanen garin yake.

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, kuma ta faɗo a kan gaɓa, don kuwa na taɓa taka garin da ƙafata lokacin da aka tura mu wani ɗan kwas na aikin rediyo a ƙasar. Ka gaya wa masu cewa haɗin kwamfuta ne su janye maganarsu. Abin gaskiya ne. Sunan garin Nara, tafiyar kamar minti 40 ce a jirgin ƙasa daga birnin Osaka. Tsohon gari ne ainun, shi ne ma babban birnin ƙasar daga shekarar 710 zuwa 784. Akwai wani makeken fili a gabashin garin, ya fi hekta 500, ba katanga ba shinge, a nan bareyin suke zaune. Kowace shekara a watan Yuli akan ƙidaya su, ƙidayar 2024 ta sami guda 1,325. Na ce barewa ne don ita ce mafi kusa a cikin namun dajinmu, amma tasu ta fi tamu kauri, kuma ƙahon namijin yana da rassa kamar busasshiyar itaciya.

Saura masu cewa asiri ne. Su ma ba su ci ba, amma amsarsu tana bukatar a bi ta a hankali.

Da farko akwai doka. A addininsu na gargajiya, wanda suke kira Shinto, sun ɗauka cewa wani abin bautarsu ya iso Nara a kan farar barewa, aka gina masa ɗakin bauta mai suna Kasuga a shekarar 768. Tun daga nan barewa ta zama abin da ba a taɓawa, har a zamanin da wanda ya kashe ta hukuncinsa kisa ne. A 1957 gwamnati ta sa bareyin Nara cikin kayan tarihin ƙasa da doka ta kare, kuma har a 2021 sai da kotu ta hukunta wani da ya sare ɗaya har lahira. Ka ƙiyasta, Malam, dabbar da kakanninta suka shafe fiye da shekara 1,000 an hana a ɗana musu tarko ko a sakar musu kare, me zai sa ta guji mutum?

Sai kuma abinci, kuma nan ne batun gaisuwar ya samo asali. A bakin hanya za ka ga tsofaffi da ɗan teburinsu suna sayar da wani busasshen biskit na dusar shinkafa da fulawa, babu sukari, ɗauri ɗaya yen 200. Don bareyin kawai ake yin sa. Baƙo ya saya, ya ɗaga hannu, barewa ta sunkuyar da kai, ya miƙa mata. Gobe ma haka, jibi ma haka. Ta gane ke nan cewa sunkuyawa na kawo abinci, kamar dai yadda akuyar gidanka ta san ƙarar kwanon dusa. Lokacin annobar korona da baƙi suka ɗauke ƙafa, masu bincike na wata jami'ar mata da ke garin sun lura cewa sunkuyawar ta ragu. Ashe ladabin na biskit ne! Abin da ya ba ni dariya shi ne, ga biskit ɗin tuli a gaban mai sayarwa, ba wadda ke kusantarsa, amma da zarar ka biya kuɗi ya shiga hannunka, sai su yi maka caa. Wata ta ja ka ta riga, wata ta tunkuye ka ta baya. Sun san wanda ke kora, sun san baƙo.

Kada kuma a zaci sun zama tumakin gida. Suna cizo, suna harbi da ƙafa, musamman uwa mai sabuwar haihuwa da namiji lokacin barbara. A shekarar 2018 kaɗai fiye da mutum 200 suka ji rauni a hannunsu. Shi ya sa kowace shekara ake kama mazan a yanke musu ƙaho da zarto, al'adar da ta fi shekara 300, har ta zama abin kallo da ake biyan kuɗi a shiga.

Yanzu mu dawo gida kan gardi, tunda da shi aka kwatanta. Duk wanda ya girma a ƙasar Hausa ya san wannan kallo: ana kaɗa ganga, ga gardi da warki da layu ya sha akayau a ƙafa, ga kura, ga gwaggon biri an sa masa riga yana bin mutane karɓar kuɗi, ga akwatin macizai. Ni ma ina yaro har makaranta na taɓa makara saboda su. Ba zan shiga gardamar abin da gardi ya sha ko ya yi wanka da shi ba, sana'ar gado ce, kuma akwai sanin halin dabba a cikinta wanda ni da kai ba mu da shi. Amma ranar da ka sake ganinsu, Malam, ka bar kallon layun, ka dubi kurar. Akwai takunkumi a bakinta. Akwai sarƙa mai kauri a wuyanta. Akwai kulki a hannun mai ita. In da asirin ya isa, me ya kawo waɗannan uku? Ai ba banza Bahaushe ya ce kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi ba. Barewar Nara ta zauna ne don ba ta tsoron kowa, kurar gardi kuwa tsoro ne ya zaunar da ita. Kai, ko kurar ma sabo na aiki a kanta: a birnin Harar na ƙasar Habasha, kullum da dare akwai masu kiran kurayen daji a bayan ganuwa suna ba su nama, ba sarƙa ba takunkumi. Abu ɗaya da zan roƙi jama'a a nan: wanda kububuwa ta sara a gona, a garzaya da shi asibiti, kada a tsaya jiran ƙullin maganin da aka saya a wurin wasa.

Ka tambayi zaman mutanen garin. Abin da ya fara damuna shi ne shiru. Jirgi cike maƙil da mutane amma ba ka jin muryar kowa, ba mai amsa waya. Mu da muka saba da gaisuwa mai tsawo, ina gajiya ina iyali, sai na ji kamar gidan makoki na shiga. Motoci a hannun hagu suke tafiya, kamar yadda muke yi a Nijeriya kafin a koma dama a 1972, kuma da wuya ka ji oda. Direba zai tsaya cak barewa ta gama tsallakawa, duk da haka mota tana kashe wasu kowace shekara. Tsofaffi sun yi yawa, kusan mutum 3 cikin 10 a ƙasar sun kai shekara 65, za ka ga tsohuwa tukuf a kan keke ta ɗauro cefane. Ko'ina ka juya ga na'urar sayar da ruwa da lemo da shayi mai zafi tsaye a bakin titi, ba mai gadi. Suna tuɓe takalmi a ƙofar ɗaki kamar mu. Kuma tunda kai malami ne, bari in gaya maka wanda ya fi burge ni: 'yan firamare su kaɗai suke tafiya makaranta a jere, manya gaba ƙanana baya, kuma su ne ke share ajinsu su goge daɓe da hannunsu.

Sannan ga titi fes, alhali sai ka yi tafiya mai nisa ba ka ga kwandon shara ba. Kowa aljihu yake sa shararsa ya kai gida. Amma baƙi sun yi yawa, ba kowa ke kiyayewa ba. A 2019 aka buɗe cikin wasu bareyi 14 da suka mutu, aka tarar da leda a cikin 9, ɗaya har kilo 4 da ɗoriya aka ciro. Wannan kam ba sai ka je Japan ba. Ka tambayi kowane mahauci a kasuwarku abin da yake cirowa daga tumbin akuya da saniya. Sau nawa ake ganin tunkiya tana ci tana ramewa, a ce sammu ne ko kambun baka, ashe leda ce ta cushe mata ciki? Bambancin kawai shi ne can an buɗe an duba, an auna, an rubuta, aka shiga yi wa baƙi gargaɗi.

Ku mutanen Abare kun fi kowa sanin cewa dabbar da ke kiwo a cikin gari ita ke fara ɗanɗana abin da ke ƙasa. A farkon 2010, kafin a gane gubar dalma da ke cikin duwatsun zinariya da ake niƙawa a tsakar gida, agwagi ne suka fara ƙarewa a ƙauyukan yankin, ba wanda ya kawo komai a ransa. Daga baya yara fiye da 400 suka rasu. Allah ya jiƙansu, ya ba iyayensu haƙuri. Na kawo wannan ne don duk lokacin da kuka ga kaji ko agwagi ko awaki suna faɗuwa haka kawai a unguwa ɗaya, a sanar da malamin dabbobi da na asibiti tun da wuri.

Kada in rufe ban faɗi ɓangaren manoma ba, don na san wani a majalisar zai ce, to gonakin mutane fa? Yana da gaskiya. Manoman da ke gefen Nara sun daɗe suna kuka, barewa na cinye musu shinkafa da kayan lambu, ga shi doka ta ɗaure musu hannu. Sai a 2017 aka yarda a riƙa kama wani adadi a rage, amma a can wajen gari kawai. Na cikin fili har yau ba mai taɓa su. Ashe rigimar dabba da mai gona ba a ƙasarmu kaɗai take ba.

Wanda kuma yake son kai yaransa kallon namun daji, in hanya ta yi kyau Allah ya kai shi Kano, ga gidan zu na Audu Bako nan tun farkon shekarun 1970. Sai dai can a keji suke, kuma gara haka, don waɗanda ke Kano a watan Oktoban 2019 ba su manta da kwanakin da zaki ya kuɓuce daga kejinsa ba.

Malam, da fatan an raba gardama. A gai da mutanen majalisa da 'yan makaranta. Wasiƙun da suka iso daga Gummi da Nasarawar Burkullu suna hannunmu, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.